Koriyar Mederbek Mai Ƙofa Biyu

Ni aikina a rami yake. Mota ta hau, in sauka ƙarƙashinta da fitila, in ga abin da mai ita bai faɗa ba. Mutum zai tsaya a sama yana rantsuwa bai taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba, ni kuwa ga sifirin a gabana ya kwanta shame-shame. Tun da daɗewa na daina musu da mutane. In gyara, a biya ni, a ba na baya wuri.

Mederbek bai taɓa yi min rantsuwa ba. Ya kawo mota, ya nuna inda yake jin ƙara, in na sauka kuwa nan ɗin ne.

Shi ne autan tsoho Esenkul, na layin bayan injin niƙa a nan Tokmok. Rabon auta sananne ne: yayye su watse, shi ya zauna da gida da iyaye da duk abin da zai lalace a cikin gidan. 'Yan'uwansa mata sun yi aure sun tafi. Babban wansu Jirgalbek ya koma Bishkek yana sayar da kayan gini, yakan zo ranar salla da kwalin alewa da shawarwari. Mederbek ya koyi tuƙi a aikin soja, da ya dawo ya kama bas, Tokmok zuwa Bishkek, Bishkek zuwa Tokmok, har gashin kansa ya soma fari.

Ranar aiki bas ɗin ta fasinja ce, ranar hutu ta dangi. Biki a Kochkor, Mederbek. Rasuwa a Kemin, Mederbek. Ya ɗauki tumaki a ɗaure tsakanin kujeru, ya ɗauki tukwanen biki da dardumai da gwaggonni masu amai a kowace kwana. Gawar mahaifiyarsa ma shi ya tuƙa ta zuwa ƙauyensu, Jirgalbek na zaune a gaba yana kuka yana gaya masa inda zai rage gudu. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ban kuma taɓa jin an tambaye shi ko ya gaji ba. A tasha ba ya cikin masu hira, ba ya cikin masu karta. In layi bai zo kansa ba za ka same shi a kujerarsa ya rufe ido, rediyo a kashe. Ƙarƙashin bas ɗinsa shi ne mafi tsabta da na sani a garin nan. In sanyi ya wuce, da kansa yake kwanciya a ƙasa ya wanke gishirin titi kafin ya kawo min.

Matarsa Burul tana ɗinki a gida, ita ke zuba wa surukinta shayi safe da yamma. 'Yarsu ta yi aure, ɗansu ya tafi Mosko neman aiki kamar 'ya'yan kowa. Da bayan Mederbek ya soma ciwo, har ya kai sai ya dafa ƙofa kafin ya miƙe, ya sayar da bas ɗin ya samu aikin awon manyan motoci a injin niƙa. Da ƙafa yake zuwa. Wato a lokacin da ba ya bukatar mota ko kaɗan, a lokacin ya sayi mota.

A bayan tirela aka kawo ta garejina, farkon kaka, ko lamba ba a sa mata ba. Koriya ce, launin ganye mai duhu, ƙirar Japan, ta sha hannu amma ba ta sha wuya ba. Ƙofa biyu. Da aka sauke ta, rufinta bai kai min ƙirji ba, ni kuma ba dogo ba ne. Gaba dogo, baya a datse, da ɗan fiffike a kan but.

"Ta wa?" na ce.

"Tawa, usta." Haka ake kiran mai gyara irina a nan.

"Ta ɗanka dai."

"Tawa."

Na zagaya ta. Ƙofofin dogaye ne masu nauyi, gilashinsu ba firam, in ka buɗe sai ka ga gilashin tsaye shi kaɗai kamar ba abin da ya riƙe shi. Kujerun gaba suna da kafaɗu, in ka zauna su rungume haƙarƙarinka don kada kwana ta watsar da kai. Akwai kujera a baya, amma ta suna ce: sai an kwantar da ta gaba, a sunkuya a kutsa, in an shiga kuma gwiwa ta gaisa da haɓa. Sitiyari a dama, kamar yawancin na Japan da ke zuwa mana, ƙarami, mai kauri. Giyar hannu ce, biyar, sandarta gajeriya, da ɗan motsi kaɗan ta shiga ƙas. Na ɗaga bonet. Silinda huɗu, lita biyu, ba wani abin al'ajabi. Irin injin nan ne a cikin motocin haya da yawa a garin, kayan gyaransa ko a kasuwar Lahadi ka samu, man da yake sha kuma bai kai rabin na bas ba. Abin da ya raba ta da sauran shi ne ba ta da nauyi, tana manne da ƙasa, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Inji ɗaya ne, amma jaki da buhu daban, jakin da aka sauke wa kaya daban.

Na sauka rami. Ba tsatsa, ba alamar an taɓa miƙe ta bayan karo. Shokazoba ɗaya ce ke yoyo. Na fito na gaya masa.

"Ta ci kuɗin bas ɗin duka?"

"Ina. Ta fi shekara a kasuwar motoci ba mai tayawa. Dillalin har shayi ya saya min."

Ban yi mamaki ba. A nan ana auna mota da gwaggo nawa za ta ɗauka, da ko tunkiya za ta shiga but. Wannan sai an yanka tunkiyar an raba biyu. Samari na sonta ba su da kuɗi, masu kuɗi suna da iyali.

"To me za ka ɗauka da ita?"

"Ni."

Daga baya ya gaya min, guntu-guntu, cewa irinta ta taɓa wuce shi a hanyar Kant wata safiya, bas cike da mutane da buhunan albasa. Ba gudun ne ya tsaya masa a rai ba. Mutum ɗaya ne a ciki, kuma ba mai taɓa kafaɗarsa yana cewa a tsaya a nan.

A gidan Esenkul ba a hawa babban titi da sabuwar mota sai an yanka tunkiya, tsoho ya fara zama a ciki, ya ɗaga hannu daga kan kujerar ya sa mata albarka. Haka aka yi wa bas ɗin, haka aka yi wa jif ɗin Jirgalbek. Na canza shokazoba, aka yi lamba. Ranar Asabar Mederbek ya lallaɓa da ita daga garejina zuwa gida ta lunguna, bai wuce giya ta biyu ba. Ya wanke ta a ƙofar gida har ruwa ya yi taɓo a gindin tayoyi. An gayyace ni, na je.

Jirgalbek tun kafin ya kashe jif ɗinsa ya fara.

"Kai, Meder, wannan kwaɗon fa? Ina sauran ƙofofin? Ko a hanya suka zube?"

"Haka aka ƙera ta, baike," in ji Mederbek. Baike shi ne yaya a nan, ko duk namijin da ya girme ka.

"Burul fa, ina za ta zauna? A kan fiffike?"

Mata suka yi dariya a bakin tukunya. Wani suruki ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta, ya ce ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta bi ta nan.

"Mutum ya kusa hamsin," in ji Jirgalbek, "jika na hanya, ya je ya sayo motar zance. Allah ya shirya."

Mederbek yana raba nama, bai ɗago ba.

Tsoho Esenkul, wanda 'ya'yansa ke kira Ata, wato baba, ya haura tamanin, dogo ne miƙaƙƙe, ba ya fita ko ƙofar gida sai da farar doguwar hularsa, kalpak. Hular nan ba a ajiye ta a ƙasa, ba a wasa da ita. Mutuncinta na kan da ke ƙarƙashinta ne.

Bayan an ci an wanke hannu, aka fito. Mederbek ya buɗe ƙofar hagu ya riƙe. Tsoho ya ba shi sanda, ya dubi kujerar can ƙasa kamar mai leƙen rijiya. Ya sa ƙafa ɗaya, ya dafa, ya soma sauka. Shi da bas ya saba, inda hawa ake yi. Gwiwa ta ƙi, ya tafi gaba ɗaya, bakin rufi ya kwashe hular. Ta faɗa taɓo, ta mirgina, ta tsaya baki sama.

Wata mata ta ce wayyo. Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Ga tsoho zaune can ƙasa, gwiwoyi sama, kai a buɗe gaban surukai da maƙwabta. Fitar ma sai da mutum biyu suka kama shi. Ya karɓi hular daga hannun Mederbek, ya dube ta, ya karɓi sandarsa, ya shige gida. Bai ɗaga hannu ba.

Aka yi cirko-cirko. Jirgalbek ya karkaɗe tafin hannunsa.

"To, kun dai ji amsa. Ata ya ƙi. Meder, kawar da abin nan daga gabansa kafin ka ƙarasa mana shi."

Mederbek ya dubi ƙofar da uban ya shiga. Na ga ya ɗaga ƙafa wajenta, sannan ya fasa. Ya zagaya ya shiga motar ya mayar da ita garejina. Na bi shi a ƙafa da ƙunshin namana.

Nan ta ci sanyin shekarar gaba ɗaya, a lungun da nake jibge tsofaffin tayoyi, lulluɓe da tamfol. Ban karɓi kuɗin ajiya ba, shi ma bai yi min godiyar baki ba. Duk Lahadi bayan azahar sai ya zo, ya karkaɗe dusar ƙanƙara, ya yaye tamfol, ya tada inji ya bar shi ya ɗumama. Ya zauna a ciki, hannu a kan sitiyari. Wani lokaci ya taka kuloci ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, mota na tsaye. Ya matsa da ita gaba kaɗan, ya dawo da ita baya kaɗan, don kada tayoyi su kwanta. Ya kashe, ya rufe, ya tafi.

Wata Lahadi ya zo da doguwar hularsa ta zuwa biki, irin ta tsoho, a cikin leda.

"Usta, kujerar hagun nan za ta iya sauka?"

"Ta riga ta kusa taɓa ƙasa."

"Ko da faɗin yatsa ne."

Muka cire kujerar, na rage ƙafafunta, na sake walda. Ya sa hula ya zauna. Saman hular na shafar rufi. Muka kwantar da bayan kujerar kaɗan, ta daina shafa. Saura shiga. Ya gwada da ƙafa a gaba, hula ta tafi, na cafe ta. Ya gwada ya fara zama da baya, ƙafafu a waje, ya sunkuyar da kai sannan ya juyo, hula ta tsira. Ya yi ta maimaitawa da ciwon bayansa, yana nishi, har jikinsa ya haddace. Na haɗa masa mariƙi a ginshiƙin gilashin gaba, inda tsoho zai kama ya tashi. Aikin ya yi kyau, ba don ni na yi ba.

"Saura ka kawo shi," na ce.

"Zan yi masa magana."

Lahadi ta zagayo. Ka yi? Jiya jininsa ya hau. Wata ta zagayo. Baƙi muka yi. Daga nan na daina tambaya, sai rana ɗaya da haushi ya kama ni.

"Kai, gida ɗaya kuke kwana, faranti ɗaya kuke ci. Buɗe baki ka ce, Ata, ga mota."

"Ba a tambayar Ata abu sau biyu."

"Shi ya ce?"

"Ba sai ya ce ba."

"Yana maganarta?"

"Ko sau ɗaya. Yakan tambayi kwal ko ya isa, yakan tambayi yaron Mosko. Ita dai a'a."

"To ɗauki abarka ka hau hanyar Kemin. Da sassafe ba kowa. Wa zai gaya masa?"

Ya goge madubi da hannun riga.

"Usta, duk shekarun da na yi ina ɗaukar mutane, ko kaza ban taɓa takawa ba. Kai za ka ce birkinka ne. Ni na san da albarkar wa nake fita daga gida."

Birkina ne, amma motarsa ce.

Burul takan kawo min burodi mai zafi in ta gasa. Rannan na ce mata ita ta shiga tsakani, tunda ita ke riƙe da butar shayi.

"Ni suruka ce, usta. Ko sunansa ba na kamawa, balle in tambaye shi abin da ke ransa. In zuba wa wannan, in zuba wa wancan. Sai ƙarar cokali kake ji a ɗakin."

"Mijin naki fa?"

"Shi ai ko ciwon haƙori sai na gani a fuska."

Ƙarshen sanyi tsoho ya soma zuwa asibiti duk mako saboda zuciya. Da tasi ake kai shi. Jirgalbek ya zo wata Lahadi a juye masa baƙin mai, ya tarar da ƙanen nasa zaune a cikin koriya.

"Usta, kai ma da naka laifin. Kai ke kiwon kwaɗon nan."

"Ni ramina kawai na sani."

Ya juya kan Mederbek. "Garin nan kaf maganarmu ake yi. Auta na da mota, uba na tsaye bakin titi cikin sanyi yana tare tasi. Jiya surukina ya tambaye ni, na rasa inda zan sa fuskata."

"Kai ma kana da mota, baike," in ji Mederbek a hankali.

Ban taɓa jin ya mayar masa da magana ba sai ranar.

"Ni ne auta? Ni aka bar wa gida?"

Gaskiya ce, ko da daga bakin Jirgalbek ta fito.

Cikin makon Mederbek ya sa hoton koriyar a waya, ta sayarwa. Samari suka yi ta zuwa suna taunar cingam, kowa ya shiga sai ya taka totur mota na tsaye har salansa ta yi kururuwa. Mederbek ya ce musu an riga an saya. Da itatuwa suka soma fure sai ga wata mata daga Bishkek, Saikal, mai shagon ɗinkin labule, ba ta wuce talatin da 'yan kai ba. Ba ta taɓa totur ba. Ta ce in ba ta fitila, ta sauka ramina da fararen takalmanta, ta daɗe. Ta fito ta leƙa ciki.

"Wa ya taɓa kujerar hagu?"

"Ni," na ce. "Don mai doguwar hula."

"Mahaifiyata gajeriya ce, sai in sa mata matashi. Baike, zan gwada ta a hanya. Ku zo mu je."

Mederbek ya dube ni. Tuƙi ya hana kansa, ba zama ba. Ya zauna da baya, ya sunkuyar da kai, ya juyo, ko da yake ba hula a kansa.

Mai sitiyari a dama a titinmu, in yana bayan babbar mota ba ya ganin abin da ke zuwa. Na kujerar hagu ne idonsa. Sun ce zagaye ɗaya za su yi. Na gama birkin wata mota, na sha shayi, na kama wata, sannan na ji ƙararta tana shigowa layi. Tayoyin na wari, ƙwari sun mutu a gilashi.

Saikal ta fito tana dariya.

"Usta, ina kuka ɓoye baiken nan? Har bakin kwazazzabon Boom muka kai! 'Dakata, ƙanwata, dakata. Yanzu! Sauko ta uku, taka, taka mana!' Ba tirelar da muka bari a gabanmu. A kwana kuwa cewa yake kar in taɓa birki, wai motar ta fi ni sanin hanya."

Mederbek ya fito a hankali, riƙe da mariƙin da muka yi wa tsoho. Kunnuwansa sun yi ja. Ya zagaya ya ɗora tafin hannu a kan bonet mai zafi.

"Ba ta jijjiga," ya ce min. "Ko a ta biyar tana da sauran ja. In ta shiga kwana kamar an ɗora ta a layin dogo."

"Na gaya maka tun kaka."

"Ka gaya min."

Ranar ta tafi da ita. Ya ba ta tamfol ɗin kyauta.

Ya sayi irin wadda kowa ke saye, doguwa mai kujera bakwai da ƙofar ja. Aka yanka wata tunkiyar. Ban je ba, aiki ya yi min yawa, amma an ce tsoho ya hau ba ko sunkuyo, ya yi addu'a mai tsawo har hannuwan mutane suka gaji, Jirgalbek kuma ya yi jawabi.

Bayan 'yan makonni suka biyo ta garejin daga asibiti, sabuwar tana ƙara a gaba. Na sa ta hau rami, na sauka. Daga can ƙasa ƙafafu kawai nake gani: takalman Mederbek a tsaye, da huffin tsoho cikin takalmin roba, da gindin sandarsa. Ya zauna a bencina.

"Ina koriyar nan?" na ji ya ce. "An ce min nan take kwana."

"Na sayar, Ata."

"Ka me?"

"Na sayar. Da kuɗinta na sayi wannan."

"Wa ya ce ka sayar?"

"Ba ku sa mata albarka ba."

"Ka zo ka kira ni?"

Takalman Mederbek ba su motsa ba.

"Hulata ta faɗa taɓo gaban surukai," in ji tsoho. "Na shiga na ɗauko wata na sa. Na zauna bakin gado ina jira a zo a ce, Ata, mutane na jiranku. Dattijo in ya bar taro ba ya komawa da ƙafarsa, zuwa ake yi a ɗauko shi. Ko a makarantar raino ba a gaya maka ba? Ina zaune sai na ji ƙarar inji ta bar ƙofar gida. Na ce to, yaro ya yi fushi ya ɗauke abarsa. In ya huce zai kawo."

"Ni kuma na ce ku kuka yi fushi."

"Na yi fushi mana. Da gwiwata."

"Baike ya ce kun ƙi."

"Jirgalbek! Tun yana goye yake fassara ni, bai taɓa yin daidai ba. Da ya ce, sai aka saukar da aya?"

"Duk tsawon sanyi ba ku ce komai ba, Ata."

"Ni zan bi ɗana ina cewa don Allah zo in yi maka addu'a? Albarka roƙonta ake yi, ba a tallarta. Da ka kawo wannan akwatin na ɗauka ƙari ka yi, na ce ashe injin niƙa na biya."

Na riƙe sifana ban juya ta ba. Can tsoho ya sake magana, murya ƙasa.

"Tana gudu?"

"Tana gudu, Ata."

"Kai ka tuƙa?"

"A'a."

"To ina ka sani."

Na ji Mederbek na lalube a aljihu. Ya kira Saikal, ya sa wayar a sifika saboda kunnen tsoho. Ya gaishe ta, ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi kasuwa, sannan ya zo kan magana da ƙyar.

"Haba, baike," ta ce. "Ko ninki za ku ba ni ba zan sayar ba. Jiya ma daga Issik-Kul na dawo da ita. Amma duk ranar da kuka shigo Bishkek ku neme ni in zaga da ku."

"Na gode, ƙanwata. Allah ya tsare hanya."

Ya kashe.

"Ai ba ita kaɗai aka ƙera ba," in ji tsoho. "Nemo wata."

"Gida ɗaya mota ɗaya, Ata. Wannan ce ke kai ku asibiti."

Gindin sandar ya daki siminti, ba da ƙarfi ba.

Na ɗan ƙara daɗewa a ramin, sannan na fito ina goge hannu. Na ce wa Mederbek robar sitiyari ce ta ci, ba ni da irinta, sai na aika Bishkek, ya dawo jibi. Ya ce to. Ya sauko da motar, ya ja ƙofa, ya taimaka wa uban ya hau, ya miƙa masa sanda. Tsoho ya leƙo ta taga.

"Usta, kai da ka ga ƙarƙashinta. Koriyar nan mota ce?"

"Mota ce, Ata."

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa ɗansa su biya ta kasuwa, ganyen shayin gida ya ƙare.